Kurakuran da ke ƙarasa kashe tsohon agogon hannu

Seiko 5 ɗin da baba ya zo da shi tsarabar Makka, ko Casio ɗin da ka ɗaura tun kana sakandare, ya yi shekaru a akwati bai lalace ba. Sai ranar da aka ce za a tayar da shi ake kashe shi. Yawancin waɗanda ke isa teburin masu gyara a kasuwar Wunti a nan Bauchi, hannun mai su ne ya fara yi musu illa.

Babban laifin shi ne mai. Mutum ya buɗe murfi, ya ga inji ya bushe, sai ya ɗiga man keken ɗinki, wani ma ya tsoma injin gaba ɗaya cikin kananzir. Don Allah a daina! A cikin injin Seiko irin 7S26 akwai wani ɗan gargare mai kai da komo, bugu shida a daƙiƙa, wato 21,600 a awa. Abin da ke juya shi wani sifirin ne siriri kamar gashi, a naɗe. Ɗigo ɗaya ya taɓa shi, zagayen ya manne da juna, agogo ya kama gudu ko ya tsaya cik. Sauran man kuma ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kwaɓa mai cin ƙarfe. Man agogo daban yake, irin su Moebius 9010, kuma da bakin allura ake ɗora shi a kan ƙananan duwatsun da sassan injin ke juyawa a kansu, bayan an kwance an wanke kowane ɓangare. Sifirit ma ba abin jiƙa inji ba ne, yana narkar da ƙaron da ke riƙe wasu duwatsun. In ba ka da kayan aikin, rufe murfin ka kai wa mai sana'ar. Kuma kada ka yi ta girgiza shi don ka ga yana tafiya. Busasshen inji kansa yake ci.

Na biyu batir. Ana sayen LR626 saboda araha a sa inda SR626SW ya kamata. Girmansu ɗaya, amma na farkon ƙarfinsa raguwa yake a hankali, kuma ya fi saurin yoyo. Wannan farin garin da kake gani a mazaunin batir, shi ne ke cinye farantin ƙarfen da ke taɓa batirin. Ni dai ba na barin mataccen batir ya kwana a agogo. Casio F-91W kuwa CR2016 yake ɗauka. Bayan ka canza, in fuskar ta ƙi nuna komai, bai mutu ba: sa matsefata ta ƙarfe ka haɗa wurin da aka rubuta AC da gefen batirin mai alamar + na 'yan daƙiƙu.

Kada ka goge fuskar agogo da ruwa ko auduga, rubutun zai bi hannunka. Hura ƙurar da 'yar robar iska kawai. Murfin da ke da ƙananan gurabe a gefe murɗawa ake yi, ba a ɓamɓare shi da wuƙa. Kada a canza kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran suna riƙe da shi. Ajiye shi kusa da lasifikar rediyo na sa masa maganaɗisu. Man goge ƙarfe irin Brasso yana cire ruwan zinari. Man goge baki yana rage karce a gilashin roba, amma ba ya yi wa gilashi na gaske komai.

Sai robar murfi, wadda kowa ke mayarwa yadda ya same ta. Bayan shekara ashirin ta bushe ta tsage, kuma gumin watan Afrilu da ruwan alwala ta nan suke shiga. Canza ta, ka shafa mata man silikon kaɗan, sannan ko an rubuta yana jure ruwa, cire shi kafin ka yi alwala.