Yadda mai tsaron baya daga Damagaram zai kama hanyar ƙwallon Turai

Matashin da ke tsaron baya a filayen Birni ko Zango a Damagaram, in yana son ya ci abinci da ƙwallo a Turai, ya fara gyara takardunsa tun kafin ya yi zancen jirgi. Takardar haihuwa da fasfo da lasisin FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, su kasance da suna ɗaya da shekarar haihuwa ɗaya, domin dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai da ba kasafai suke shafar yaranmu ba. Ya kuma yi rajista da ƙungiyar da hukuma ta sani, kamar Espoir FC, saboda duk lokacin da aka sayar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23.

Sai batun dillali, inda gidaje da yawa suka yi asara. Tun 2023 FIFA ta dawo da jarrabawar dillalan 'yan wasa, don haka duk wanda ya zo fada yana yi wa yaro alkawarin gwaji, a nemi lasisinsa da wasiƙar gayyata daga ƙungiyar kanta. Wanda ya ce sai uba ya sayar da gona ko shanu ya ba shi kuɗin hanya, a sallame shi.

Wajen zaɓar ƙasa, kada ido ya tsaya kan Ingila, domin izinin aiki a can ya dogara da makin da ake samu ta hanyar buga wa ƙasa da buga manyan gasanni. Faransa da Sifaniya sun kasance sun fi sauƙi, tunda yarjejeniyar Kwatano tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da wasu yankuna, kafin ta ƙare a 2023, ta sa ba a ƙidaya ɗan Nijar cikin baƙin da aka ƙayyade yawansu. Mai tsaron baya Edmond Tapsoba na Burkina Faso ya bar ƙungiyar Salitas ta ƙasarsu zuwa Leixões a Fotugal, ya wuce Vitória Guimarães, sannan Bayer Leverkusen ta saye shi a Janairun 2020, ya kuma ci gasar Bundesliga ta Jamus da ita a 2024 ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba. A ganina, mai tsaron baya ya fi kowa buƙatar wannan hawa daki-daki, domin ba a cika sako shi daga benci ana tsakar wasa ba, kuma wanda ba ya buga minti 90 ba ya koyon karanta ɗan gaba.

A filin rairayi ƙwallo tana tsalle yadda ta ga dama, shi ya sa yaranmu suka saba da doka ta nesa su huta. Wannan ɗabi'a sai an bar ta. Kullum da asuba ya sami bango ya riƙa buga ƙwallo da ƙafar da ba ta saba ba, yana ɗaga kai ya duba bayansa kafin ta dawo. A Italiya tsayuwa a wurin da ya dace ake fara dubawa, a Jamus kuwa 'yan baya suna hawowa har tsakiyar fili don kama abokan hamayya da satar gida, saboda haka gudun komawa baya ya zama dole. Faransancin makaranta ma ya riƙe shi da kyau, domin ɗan bayan tsakiya shi ke tsara layi da baki, yana faɗa wa mai tsaron gida lokacin da zai fito.