Yadda Ake Koya wa Ƙananan Yara Ware Kaya, Ƙirga da Jadawalin Sanduna

Wannan aiki ya dace da yara 'yan shekara 4 zuwa 6, kuma minti 15 ya wadatar. A Sakkwato a zaɓi hantsi ko bayan la'asar, don daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, yaron da ya jiƙe da gumi kuwa ba ya sauraron kowa.

A tanadi murfin kwalbar lemo guda 20 masu launi uku (ja 9, kore 7, shuɗi 4), faifai uku, kwali ɗaya, alli ko fensir mai launi. Kada yawan murfin kowane launi ya zo daidai da na wani, in ba haka ba babu abin kwatantawa. A nisanta ƙannen da ba su kai shekara 3 ba, domin suna kai murfi baki.

Da farko a zube murfin a tabarma, a ce wa yaro: "Tara kowane da ɗan'uwansa." A ware da siffa ɗaya tak, wato launi. In an haɗa launi da girma a rana guda, zai ruɗe.

Sai ƙirga, kuma a nan ne aikin yake. Yara da yawa sun haddace ɗaya zuwa goma kamar waƙa, amma baki na gudu yatsa na baya. Maganinsa shi ne ya ɗauki murfi ɗaya, ya faɗi lamba, ya jefa a faifai, sannan ya ɗauki na gaba. Haka ba zai ƙirga abu sau biyu ba. In ya gama a tambaye shi: "To, guda nawa ne?" Idan ya sake farowa daga ɗaya, bai gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimla ba tukuna. A sauko zuwa guda 3 ko 4 har ya kama. A fara da Hausa. Lambobin Turanci na makarantar boko da na Larabci na Islamiyya za su hau kan na Hausa daga baya.

Yanzu jadawali. A ja layi ɗaya a ƙasan kwali, a zana gidaje uku a tsaye, kowane mai akwati 10, kowane akwati santimita 3 tsawo da faɗi. Yaro ya jera murfi daga layin ƙasa zuwa sama, akwati ɗaya murfi ɗaya, ba tsallake. Sannan ya riƙa ɗauke murfi yana shafe gurbinsa da launi iri ɗaya. Sanduna uku sun fito ke nan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jera kaya ba tare da akwatuna ba. Albasa 3 za ta fi dabino 5 tsawon layi, yaro kuma ya rantse albasa ta fi yawa, don ido yake bi. Akwatuna masu girma ɗaya ne ke gyara wannan.

A tambaye shi wanne ya fi yawa, wanne ya fi kaɗan. "Ja ya fi kore da nawa?" ita ce mai wuya, a ɗora tsinke a saman sandar kore, ya ƙirga akwatunan ja da suka wuce shi. Bayan mako guda a ƙara gida na huɗu na launin da babu shi, a bar shi wayam, a ce masa sunansa sifili.

Lokacin hunturu iska na kwashe kwali, sai a danne shi da duwatsu ko a zana akwatunan a daɓen siminti da alli.