Yadda za ka kai kujerar karanta labarai a talabijin a Legas

Samarinmu da 'yan matanmu na Agege da Idi-Araba da yawa suna sha'awar aikin nan, sun ga mutum ya sha kwat ko ta kafa ɗauri ana haska shi da fitila, sai su ɗauka daga makaranta kujerar ake wucewa. Ina! Galibi daga rahoto ake farawa, kana bin mai kyamara zuwa Mile 12 tambayar kuɗin kwandon tumatir, ka dawo ka rubuta da kanka, edita ya soke rabi.

Fara da takarda. Digiri ko difloma a aikin jarida na taimakawa, amma ba sai ka koma Arewa ba, ga Nigerian Institute of Journalism nan a Ogba, ga makarantar horar da ma'aikata ta Rediyon Najeriya a GRA Ikeja inda ake gyara wa mutum murya da lafazi. Mai hali kuma ya tafi kwalejin talabijin ta NTA a Jos.

To lafazin nan shi ne inda muke shan kashi, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bahaushe da P da F sai a hankali, kuma a Legas kullum sunayen Yarbawa ne a bakinka, Ojuelegba, Agidingbi, Ijebu-Ode, in ka murɗe ɗaya kafin ka fita situdiyo an yanka bidiyon an watsa. Maganinsa, kullum ka ɗauki labari ɗaya na jarida ka jingina waya a taga ka karanta kana kallon kyamara, kalma uku a daƙiƙa ɗaya, sannan ka kalli kanka ko da kunya za ta kashe ka. Sunan da ya gagare ka, maƙwabcinka Bayerabe ya faɗa maka sau uku. Akwai manhajar da ke tafiyar da rubutu a waya irin allon da masu labarai ke karantawa, ka saba da ita, don a situdiyo ga rubutu na gudu ga furodusa na magana a kunnenka, fuskarka kuma ba a yarda ta nuna komai ba.

Hasashen yanayi daban ne, babu kujera, a tsaye kake gaban koren bango kana nuna taswirar da kai a allon gefe kawai kake ganinta. Kar ka kuskura ka sa koriyar shadda, don duk abin da yake kore taswira ce ke maye gurbinsa a talabijin, kanka da hannayenka kaɗai za a gani suna yawo. Bayanan daga NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ake samu, suna da cibiyar horarwa a Oshodi, sai ka san damina daga Afrilu zuwa Oktoba da ɗan tsagaitawar Agusta, ka iya faɗa wa mai zuwa Lekki ko ya fita da lema.

In ka haɗa bidiyo na minti 2, rabi Turanci rabi Hausa, kai shi gidan talabijin na Channels, TVC ko LTV ka nemi koyon aiki ko bautar ƙasa. Kar ka ɓoye Hausarka, ranar da labari ya ɓarke a Alaba Rago, matattarar 'yan Arewa, kai za a nema. Kuɗin farko dai da ƙyar ya biya danfo, kuma shirin safe na nufin kafin kiran assalatu kana titi.