Yadda Ake Kare Kwamfutar Gida Daga Bairos da Manhajar Kyauta ko ta Kuɗi

Kafin mai kwamfuta ya kashe ko sisin kwabo wajen sayen manhajar tsaro, ya kamata ya fara duba wadda ke cikin kwamfutarsa, domin duk kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ko Windows 11 tana zuwa da manhajar Microsoft Defender a jikinta, kuma ba a biyan komai a kanta. A shekarun baya masu gyaran kwamfuta sun raina ta, suna da hujja kuwa, amma yanzu a gwaje-gwajen da cibiyoyi masu zaman kansu irin su AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya ke yi, takan tsaya kafaɗa da kafaɗa da manhajojin da ake saya. A ganina, ga yawancin gidaje ta wadatar, muddin tana kunne kuma ana sabunta ta. Matsalar ita ce a kwamfutoci da yawa waɗannan sharuɗɗa biyu ba su cika ba, masu su kuma ba su sani ba.

Dalili kuwa shi ne akasarin kwamfutocin da ke gidajenmu na hannu ne, wato an riga an yi amfani da su, kuma kafin a miƙa wa mai saye, mai shago kan zuba masa manhajoji na rubutu da na zane waɗanda aka fasa lasisinsu, wato aka karya kariyarsu don a yi amfani da su ba tare da biya ba. Tun da Defender ba ta yarda da irin waɗannan, sai a kashe ta a yi aiki, ba kuma kowa ne ke tunawa ya mayar da ita ba. Don a tabbatar, sai a danna Start, a rubuta Windows Security, a shiga Virus & threat protection, sannan a danna Manage settings. A nan a tabbata Real-time protection da Cloud-delivered protection da Tamper Protection duk suna kunne. Ta farko ita ce mai duba kowane fayil a daidai lokacin da aka sauke shi ko aka buɗe shi, ta ƙarshe kuma ita ce ke hana wata muguwar manhaja kashe tsaron ta bayan fage.

Akwai wuri ɗaya a ƙasan wannan shafi da mutane ba su cika leƙawa ba, wato Exclusions, inda ake lissafa wuraren da aka ce wa Defender kada ta bincika. A kwamfutar gida, bai kamata a ga komai a nan ba. Idan aka tarar da wata folda da ba a san ta ba, ko kuma aka ga an rubuta C: gaba ɗaya, to an bar manhajar a kunne ne amma an rufe mata ido, kuma alamar kore da take nunawa ba ta da wata ma'ana. A cire duk abin da ke ciki, sannan a koma shafin Virus & threat protection, a shiga Scan options a zaɓi Full scan, a bar kwamfutar a jone da wuta domin binciken kan ɗauki sa'a guda ko fiye. Idan kuwa maɓallan sun dushe sun ƙi dannuwa, kuma aka ga rubutu yana cewa wani mai kula da tsarin ne ke riƙe da su alhali kwamfutar ba ta ofis ba ce, abin da ya fi sauƙi da aminci shi ne a kwashe fayiloli masu muhimmanci a sake ɗora Windows sabuwa daga shafin Microsoft.

Sabuntawa ita ce sharaɗi na biyu, kuma a nan ne tsadar data ke yi mana illa, domin mutane da dama kan dakatar da Windows Update saboda kada ta shanye musu data. Manhajar tsaro tana kama bairos ne, ba ta toshe ɓarakar da ke jikin Windows kanta. A watan Mayun 2017, manhajar garkuwa da fayiloli mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama a Ingila, alhali Microsoft ta fitar da facin da ke toshe wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya shafa, mafi yawansu ba su saka facin ba ne. Microsoft kan fitar da manyan gyare-gyaren tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, saboda haka wanda ke amfani da intanet ɗin waya zai iya sayen datar dare mai rahusa sau ɗaya a wata ya bar kwamfutar ta gama sabuntawa. Bayanan da Defender ke saukewa kullum don gane sababbin bairos ba su da nauyi, bai kamata a hana su ba. Wanda har yanzu ke kan Windows 7, wadda aka daina ba ta faci tun 14 ga Janairun 2020, ya sani babu manhajar kuɗi da za ta cike masa wannan giɓi. Windows 10 ma wa'adinta na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025, don haka duk kwamfutar da za ta iya ɗaukar Windows 11 gara a mayar da ita can.

Akwai wasu manhajojin kyauta, kamar Avast da AVG da Avira da Bitdefender, kuma wajen kama bairos ba su da laifi. Sai dai ukun farko duk yanzu suna ƙarƙashin kamfani ɗaya ne, Gen Digital, wanda shi ne mai Norton, kuma suna yawan turo tallan da ke nuna wa mutum kamar kwamfutarsa na cikin haɗari sai ya biya. A 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 bisa sayar da bayanan shafukan da masu amfani da ita ke ziyarta, ta hannun wani reshenta mai suna Jumpshot da aka rufe a 2020. Wannan ya isa ya sa mutum ya karanta abin da yake amincewa da shi lokacin sakawa, ya kuma cire alamar yarda daga duk wata ƙarin manhaja da aka liƙa masa. Smadav, wadda ta fito daga Indonesiya kuma ta karɓu a shagunan buga takardu, masu ita da kansu sun ce mataimakiya ce da ta fi ƙarfi a kan filash, don haka ba ta maye gurbin babbar manhaja. Malwarebytes ta kyauta kuwa tana da amfani a matsayin ido na biyu, domin ba ta gadi dare da rana, sai an kira ta take bincike, kuma ta ƙware wajen tono manhajojin talla da ke maƙale wa burauza.

Manhajar kuɗi, irin su Bitdefender da ESET da Norton da Kaspersky, abin da take ƙarawa galibi ba ƙarfin kama bairos ba ne, kayan haɗi ne: sa ido kan abin da yara ke kallo, ma'ajiyar kalmomin sirri, keɓantacciyar burauza don hulɗar banki, da lasisi ɗaya da ke rufe kwamfuta da wayoyin gida. Ta cancanci kuɗinta ga gidan da mutum biyar ko shida ke hawa kwamfuta ɗaya, ko ga wanda ke ajiye lissafin kasuwanci da takardun abokan hulɗa a cikinta. Mai niyyar saye ya saya daga shafin kamfanin ko amintaccen dillali, ya guji lambar lasisin da ake tallatawa da arhar banza, domin sau da yawa an riga an sayar wa wasu kuma kamfanin kan toshe ta. Ya kuma lura cewa farashin shekarar farko na jawo hankali ne, na shekara ta biyu yakan haura, kuma za a cire shi kai tsaye daga kati in ba a kashe sabuntawar atomatik ba. Game da Kaspersky, gwamnatin Amurka ta haramta sayar da ita a ƙasarta a 2024 saboda alaƙar kamfanin da Rasha, zargin da kamfanin ya musanta, kuma haramcin bai shafi ƙasashenmu ba.

Ko wacce aka zaɓa, kada a tara masu gadi biyu a lokaci guda, domin sukan yi karo su sa kwamfuta nauyi. Da zarar an saka wata, Defender kan ja da baya da kanta. Manhajar gwaji da ta zo da sabuwar kwamfuta kuwa, idan wa'adinta ya ƙare kuma ba za a biya ba, a cire ta gaba ɗaya, a koma Windows Security a tabbata Defender ta dawo bakin aiki.

Hanyar da bairos ya fi bi ya shigo gidajenmu ita ce filash. Ɗalibi ya kai aikinsa shagon buga takardu, ya dawo ya soka filash ɗin, sai ya ga foldojinsa duk sun koma alamomi masu ƙaramar kibiya a gefe, kowanne nauyinsa bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba. Fayilolin ba su ɓata ba, ɓoye su aka yi, kuma danna ɗaya daga cikin alamomin nan shi ne ke tayar da bairos ɗin. Abin yi shi ne kada a buɗe komai, a danna ɓangaren dama na linzami a kan filash ɗin a zaɓi Scan with Microsoft Defender. Bayan an share abin da aka kama, a danna Start a nemo Command Prompt a buɗe shi, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* tare da sauya E da harafin da filash ɗin ke ɗauke da shi, fayilolin za su bayyana, sai a goge alamomin bogin. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne a tura takardar ta imel ko WhatsApp zuwa shagon, filash ya zauna a gida.

Hanya ta biyu ita ce manhajar da aka fasa. Duk umarnin da ya fara da cewa a kashe manhajar tsaro kafin a saka, ya isa gargaɗi, domin ta nan ne masu satar kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza da masu kulle fayiloli suka fi shigowa. Wanda ba zai iya biyan Microsoft Office ba yana da LibreOffice, kyauta kuma halal. Haka nan saƙon da ke faɗowa daga cikin burauza yana ihun cewa an gano bairos, a danna nan ko a kira wata lamba, yaudara ce, a rufe shafin, a shiga saitin burauza a janye izinin turo sanarwa daga shafukan da ba a sani ba.

Idan ana zargin bairos ya riga ya shiga, a fara yanke intanet, sannan a zaɓi binciken Microsoft Defender Offline a cikin Scan options, wanda zai sake kunna kwamfutar ya yi bincike na kusan minti 15 kafin Windows ta tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. A canza kalmomin sirrin imel da banki daga wata na'urar daban, ba daga wadda ta kamu ba. Idan fayiloli ne aka kulle ana neman kuɗin fansa, biya ba ya tabbatar da za a buɗe su, gara a duba shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da na Holan suka kafa tare da wasu kamfanonin tsaro a 2016, inda ake samun mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. Ba kowane nau'i ke da mabuɗi ba, shi ya sa ake kwafe hotuna da takardu masu muhimmanci a wani faifan ajiya na waje aƙalla sau ɗaya a wata, a kuma zare shi da zarar an gama, domin faifan da aka bari a jone, tare da kwamfutar ake kulle shi.