Yadda ake ƙera bonet ɗin motar tsere da zaren kabon

A watan Satumban 1981, a filin tseren Monza da ke Italiya, mota ta ƙwace wa John Watson ta daki shingen gefen hanya, har injin ya tsinke daga jikinta. Masu kallo sun sadaƙar, sai ga shi ya fito da ƙafarsa. Motar ita ce McLaren MP4/1 wadda John Barnard ya zana, kamfanin Hercules na Amurka kuma ya taya su ƙera akwatin da direba ke zama a ciki da zaren kabon. Tun daga ranar bakin masu cewa kabon zai tarwatse kamar tangaran ya mutu.

Wancan akwatin aikin manyan injiniyoyi ne masu tukunyar gashi mai matsin iska, kada ma ka sa shi a rai. Abin da mutum zai iya yi a garejinsa shi ne fatar motar: bonet, fenda, murfin but. Kafin ka kashe ko kwabo, duba dokar rukunin tseren da za ka shiga, don wasu ba su yarda a canza bodin asali ba, wasu kuma sun ƙayyade nauyin da mota ba za ta gaza shi ba.

Ga lissafin da ke sa mutane wannan wahala. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 0.8 ya haura kilo 6 a kowace murabba'in mita. Shimfiɗa huɗu ta yadin kabon mai giram 200, da rezin ɗin da zai jiƙa su, wato ruwan danƙo mai daskarewa ya yi tauri, da siririn soso mai tauri a tsakiya, duka ba su wuce kilo 2 a murabba'in mita ba.

Yadin da aka fi amfani da shi shi ne mai lamba 3K, wato kowane sili ɗaya da ka gani a saƙar ya ƙunshi zare 3,000, kowane zare kuma ya fi gashin kai siranta kusan sau goma. Nemi saƙar tuwil, mai hawa biyu sauka biyu, ita ce ke kwanciya a kan lanƙwasa ba gardama.

Mataki na farko: samfuri, wato siffar bonet ɗin da za a kwafa. Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Ɗauki bonet ɗin ƙarfe na asali ka mayar da shi siffar da kake so. In za ka ƙara tudu ko ƙofar fitar zafin inji, manna soson foliyuretan ka sassaƙa shi, ka shafe da fila irin ta masu gyaran bodi. Kada ka yi amfani da farin soson nan da ake kunsa firji da talabijin a ciki, fila tana narkar da shi nan take. Daga nan sai guga. Fara da samfefa mai kaushi, ka bi ta 400, ta 800, har ta 1,200 ko sama da ruwa, ka fesa fenti mai tauri, ka goge har ka ga fuskarka. Rufe ido ka shafa da tafin hannu, hannu yana ganin abin da ido ya tsallake. Duk ƙarzanen da ka bari, komai ƙanƙantarsa, zai fito a jikin mazubi, wato mol ɗin da za a kwafo daga samfurin, daga nan ya fito a kowane bonet da za ka cire har ranar da za ka jefar da mazubin. Lura kuma kada wani lungu ya lanƙwaso ciki ta yadda zai riƙe abin da aka zuba ya hana shi fita. In siffar ta tilasta haka, sai a raba mazubin gida biyu a haɗa da noti.

Kewaye samfurin da baki mai faɗin kamar santimita 10, na roba ko falanki mai santsi. Za ka ga amfaninsa idan an zo rufe leda.

Mataki na biyu: mazubi, wanda masu buga bulo ke kira mol. Shafa wa samfurin kakin hana mannewa sau biyar ko shida, kana gogewa kana ba shi lokaci tsakanin kowace shafa. Sannan ka shafa jelkot na mazubi, wato rezin mai kauri da zai zama fuskar mazubin, da buroshi, ka jira har ya kai inda in ka taɓa da safar hannu zai yi danƙo amma ba zai biyo yatsa ba. Ɗora siririn faiba, wato yadin zaren gilashi, tukuna, ka danna shi cikin kowane lungu, sannan masu kauri su biyo baya har kaurin ya kai milimita 5 ko 6. Kada ka jibga su a zama ɗaya. Rezin yana fitar da zafi idan yana daskarewa, zafin kuma yana murɗe mazubi. Ɗaure bayansa da firam na katako ko ƙarfe kafin ka ɓanɓare shi. In ya fito, a sake masa kaki kamar yadda aka yi wa samfurin.

Mataki na uku: yanka da shimfiɗa. Yadin kabon da ya ji almakashi sai ya fara warwarewa, don haka liƙa siririn tef a kan layin da za ka yanka, ka bi tsakiyarsa. Ƙarfin kabon yana bin tsawon zare ne kawai, shi ya sa ake saɓa shimfiɗun: ta farko a miƙe, ta biyu a karkace da digiri 45, sai soso mai kaurin milimita 3, sai a karkace, sai a miƙe. Abin da ke saman soso ya zama daidai da abin da ke ƙasansa. In ka saɓa wannan, bonet zai fito a murɗe kamar fatar da ta bushe a rana. Sosan nan ba ya da nauyi, amma shi ke raba fatun biyu ya hana bonet kaɗawa idan mota ta ɗauki gudu. Fiƙe gefensa a kwance don yadi ya sauka a hankali, kuma a wuraren da fil ɗin kulle bonet da hinji za su shiga, cire shi ka cike gurbin da ƙarin kabon.

Yanzu rezin. Na efoksi ake so. Auna yadin a sikeli, ka tanadi rezin kusan daidai nauyinsa. Haɗin rezin da hadina, wato ruwan da ke sa shi daskarewa, da sikeli ake yinsa, daidai abin da aka rubuta a jikin gwangwani, misali 100 da 30. Wanda ya saba da fila yana da ɗabi'ar ƙara hadina don abu ya yi saurin kamawa. A efoksi wannan ɓarna ce, abin da ya yi rara ba ya samun abokin haɗuwa, sai aikin ya fito da taushi. Dama kaɗan-kaɗan. Kofi cike da rezin da aka bari a ajiye yakan yi zafi har ya yi hayaƙi ya narke, kuma a lokacin bazara mintocin da aka rubuta a gwangwani raguwa suke yi sosai. Da asuba ake wannan aiki, a ɗaki rufe, ba ƙura.

Shimfiɗar farko ita ce fuskar da duniya za ta gani. Shafa rezin a mazubi, ka sauke yadin daga tsakiya zuwa gefe, kada ka ja shi, don zare da abawa in suka karkace ba sa komawa. Danna da buroshi, ban da shara.

Mataki na huɗu: leda da famfon zuƙe iska. A kan kabon ɗin a ɗora yadin nailan da ake ɓarewa daga baya, sai leda mai ƙananan huji, sai bargo mai kama da auduga mai shan rarar rezin, sai babbar leda a rufe duka, a liƙe ta a bakin mazubi da gam mai kama da cingam. Bar wa ledar yalwa, ka yi mata tattara kamar ta siket, musamman a lunguna. In ta yi ɗamau ta tsallake lungu ba ta taɓa ƙasa ba, nan za ka tarar da rami ko dunƙulen rezin. Idan famfo ya zuƙe iskar ciki, iskar waje ce ke danna aikin, kusan kilo ɗaya a kowace murabba'in santimita, wato wajen tan 10 a murabba'in mita. Rufe bawul ka zuba wa agogon auna matsin iska ido na minti 15. In allura ta motsa, akwai ɓula. Kashe rediyo ka bi bakin ledar da kunne. Ɗigo-ɗigon rezin a jikin bargo alama ce mai kyau, amma in ya jiƙe sharkaf, rage zuƙar, kana shanye wa yadin abincinsa ne. Janareta ya kasance a kusa, don famfo ba ya tsayawa sai rezin ya kama.

Manyan ƙungiyoyin tsere yadin da aka riga aka jiƙa a masana'anta suke amfani da shi, wanda ake ajiyewa a firiza a digiri 18 ƙasa da sifiri, a gasa a wajen digiri 120. Ya fi tsabta da sauƙin nauyi, ya kuma fi cin aljihu.

Mataki na biyar: gashi. Bayan awa 24 bonet zai yi tauri, sai dai bai nuna ba. Baƙin abu ne da zai kwanta a rana, ga inji a ƙarƙashinsa. Efoksin da bai taɓa jin zafi ba zai saki, zanen saƙa ya bayyana a fuskar fenti. Gasa shi yana cikin mazubinsa, a akwatin da aka killace da hita, ana ƙara zafi sannu-sannu zuwa digiri 60 ko 80, gwargwadon abin da takardar rezin ɗin ta ce kuma mazubin zai jure.

Ɓanɓare shi da guntayen roba, sukudireba tana cin mazubi. Datse gefe da faifan yanka mai bakin daimon, da takunkumi na gaske da tabarau da riga mai dogon hannu. Ƙurar kabon tana ƙaiƙayi, tana cutar huhu, tana kuma ɗaukar lantarki, in ta shige cikin giranda ko kwamfuta sai ta ƙone su. Shafe bakin da ka yanka da rezin. Duk inda alminiyom zai taɓa kabon, sa ƙyallen faiba a tsakani, in ba haka ba da zarar danshi ya shiga alminiyom ɗin zai fara ruɓewa. Manna takardar kare zafi ta ciki daidai saitin salansa, ka fesa fenti mai kare hasken rana ta waje, don efoksi tsirara rawaya yake komawa.

Kafin ka huda ramukan fil, ɗauki tsabar kuɗi ka bi bonet ɗin kana ƙwanƙwasawa taki-taki. Inda ya kama da kyau za ka ji ƙara siririya, ƙal-ƙal. Inda ka ji dum kamar an buga kwali, fata ta rabu da soso a nan. Zagaye wurin da alli, ka huda ƙaramin rami ta ciki, ka ɗura rezin da sirinji, ka danne shi ya kwana.