Yadda ake bin doka cikin awa 72 na farko bayan an yi wa ma'aikata kutse ta intanet

Ranar da aka wayi gari fayilolin ofis sun ƙi buɗuwa, ko aka ga bayanan abokan hulɗa suna yawo a hannun da bai kamata ba, abin da ke fara zuwa ran kowa shi ne a gyara a koma bakin aiki. Wannan gaggawar ce ke jefa ma'aikatu cikin matsala ta biyu, domin a dokar Najeriya wanda aka yi wa kutse shi ma akwai nauyi a wuyansa, kuma an yanka masa wa'adi. Asibiti ne, makaranta ce, ƙaramin banki ne ko kamfanin hada-hadar kuɗi ta waya, matakan kusan iri ɗaya ne.

Mataki na farko: a rubuta lokaci. A ɗauko littafi na takarda, ba kwamfutar da ake zargi ba, a rubuta rana da awa da mintin da aka gano abin, da sunan wanda ya gano, da abin da ya gani da idonsa. Daga wannan lokacin wa'adin doka ke fara tafiya. A lura cewa injuna da yawa suna ajiye tarihin aikinsu da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, agogon Najeriya kuwa yana gaba da shi da awa ɗaya. In ba a daidaita ba, labarin da za a gabatar wa hukuma zai riƙa cin karo da kansa.

Mataki na biyu: a killace, kada a kashe. A zare wayar sadarwa daga jikin kwamfutar, a yanke mata Wi-Fi, amma a bar ta a kunne. Dalili kuwa, abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wato RAM, yana gushewa da zarar wuta ta ɗauke, alhali a nan ake samun manhajar ɓarnar da ke aiki, da adireshin da take magana da shi, wani sa'in har da mabuɗin da aka kulle fayiloli da shi. A wajenmu wannan na nufin a sa mutum guda ya tsaya kan batir ko janareta, kada ɗaukewar wuta ta share hujjar. Ajiyar ko-ta-kwana, wato kwafin fayilolin da aka adana daban, in tana haɗe da injunan ofis, a raba ta da su nan take. Kuma a daina tattauna batun ta imel ɗin ma'aikata, don mai yiwuwa ɓarawon yana karantawa.

Mataki na uku: a adana hujja yadda kotu za ta karɓa. Nan ne ake yawan yin asara. Mai gyara ya zo ya goge injin ya zuba sabuwar manhaja, kowa ya yi hamdala, sai daga baya a gane an wanke sawun ɓarawo da hannu. Tsarin da ya dace shi ne ƙwararre ya fara kwafe RAM, sannan ya ɗauki cikakken kwafin faifan ajiya ta hanyar na'urar da ke hana rubutu a kansa, ya fitar da lambar tantancewa ta SHA-256 ta asali da ta kwafin. In lambobin biyu sun yi daidai, an tabbatar ba a taɓa komai ba. Bincike a kan kwafin ake yi. Na asali a sa shi a ambulan, a liƙe, a sa hannu. Duk wanda ya karɓa ko ya miƙa, a rubuta sunansa da lokaci. A kuma kwashe tarihin shiga da fita na injuna da wuri, tunda da yawansu suna rubuta sabo a kan tsoho idan wuri ya cika.

Duk wannan wahalar saboda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ne. Sashen ya ce kafin a karɓi takardar da kwamfuta ta fitar, sai an nuna cewa ana amfani da kwamfutar a kai a kai wajen irin wannan aikin, ana zuba mata irin waɗannan bayanan yau da gobe, kuma tana aiki daidai a lokacin, ko kuma matsalar da ta samu ba ta shafi ingancin takardar ba. Ana tabbatar da haka ta bakin shaida, ko da takardar shaida mai sa hannun jami'in da ke kula da na'urar. Ba ƙaramin abu ba ne: a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika sharuɗan wannan sashe ba.

Mataki na huɗu: rahoto biyu, ba ɗaya ba. Na farko na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ne. A da wa'adin kwana 7 ne, gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya mayar da shi awa 72 daga lokacin da aka gano harin. Ana kai rahoton ga ngCERT, cibiyar tsaron intanet da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, ta hannun cibiyar da ke kula da ɓangaren ma'aikatar. Hukuncin ƙin kai rahoto shi ne tarar naira miliyan 2 da yanke wa mai laifin intanet.

Na biyu na Dokar Kare Bayanai ta 2023 ne, kuma yana hawa kan ma'aikata idan abin ya taɓa bayanan mutane: sunaye, lambar NIN ko BVN, bayanan rashin lafiya da makamantansu. Sashe na 40 ya ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, idan akwai yiwuwar cutarwa ga masu bayanan. In haɗarin babba ne, su ma masu bayanan a sanar da su ba tare da ɓata lokaci ba, da harshen da za su gane, a gaya musu abin da za su yi don kare kansu. Idan mafi yawansu Hausa suke ji, sanarwa da Turancin lauyoyi ba ta biya buƙata ba. Kada a jira sai an gama bincike; dokar ta yarda a riƙa miƙa bayani kashi-kashi. Tarar babbar ma'aikata na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Bankuna suna da ƙarin rahoto ga Babban Bankin Najeriya.

Kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC abu ne daban, kuma yana da amfani a yi shi da wuri. Doka ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su na shekara 2, amma hukuma ce ke iya nemowa. In sawun ya tsallaka ƙetare, Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Budapest kan laifukan intanet a 2022, wadda ta ba da damar a roƙi wata ƙasa ta riƙe bayanai kafin su goge.

Mataki na biyar: a kame baki wajen ɗora laifi. Ganin adireshin wata ƙasa a tarihin injin ba hujja ba ce, domin masu kutse suna bi ta kwamfutocin mutanen da su ma ba su san an shige su ba. Ko da an tabbatar daga ina suka fito, dokar ƙasa da ƙasa ba ta ɗora wa gwamnati alhakin aikinsu sai in jami'anta ne, ko da umarninta ko ƙarƙashin ikonta suka yi. Wannan magana ce ta gwamnati da gwamnati.

Akwai kuma kuɗi a ciki. A watan Yunin 2017 harin manhajar ɓarna mai suna NotPetya ya taso daga Yukren ta cikin wata manhajar lissafin haraji, ya bazu duniya. A 2018 Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin a kan sojin Rasha, Rasha ta musanta. Kamfanin magunguna na Merck, wanda harin ya shafa, ya nemi inshora ta biya shi diyyar kusan dala biliyan 1.4, kamfanonin inshora suka ce ai wannan yaƙi ne, kuma yarjejeniyarsu ba ta biyan ɓarnar yaƙi. Kotunan jihar New Jersey sun ba Merck gaskiya, amma sai a farkon 2024 aka sasanta. Daga watan Maris na 2023 kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan ta wajabta a riƙa fayyace cire manyan hare-haren da gwamnatoci ke marawa baya daga inshorar intanet. Saboda haka duk ma'aikatar da ke da inshora ta karanta takardunta kafin kakakinta ya furta kalmar "harin wata ƙasa", ta kuma sanar da kamfanin inshorar cikin wa'adin da aka rubuta.

Ramuwa kuwa babu ita. Ma'aikacin da ya kutsa injin da yake zaton na ɓarawo ne, ko don ya ƙwato bayanan ofis, ya jefa kansa cikin laifi ƙarƙashin dokar nan ta 2015, kuma sau da yawa injin na wani bawan Allah ne da aka yi amfani da shi. Biyan kuɗin fansa ma ba ya ɗauke wajibcin rahoto, ba ya kuma tabbatar da an goge abin da aka sace. Kafin a maido da ajiyar ko-ta-kwana, a toshe ƙofar da aka shigo ta nan, a sauya dukkan kalmomin sirri daga na'ura mai tsabta, a kuma gwada ajiyar a injin da ba ya haɗe da kowa, don masu kutse kan yi makonni a ciki kafin su bayyana.