Yadda na gyara bahon wanka mai jinkirin cika

Alhamdulillahi, bahon ya daina ɓata lokaci. Da, ruwan tsiyaya kawai yake yi. Na wanke matacin bakin famfon, na duba bututu ko ya toshe, duk lafiya lau.

Ashe famfon ne bai dace ba. Mai rabin inci ne, kuma sai da matsin ruwa na bar 1 (bar ma'aunin matsin ruwa ne) yake aiki sosai. Tankin kuwa mita 3 kacal yake sama da famfon, wato kusan bar 0.3, tunda kowace mita tana ba da kusan 0.1.

Na rufe ruwa, na kwance shi da sifana, na ɗaura mai inci 3/4 wanda kwalinsa ya nuna matsin bar 0.2 ya ishe shi. Siririyar tiyon da ke ƙarƙashinsa ma tana shaƙe ruwan, sai na musanya ta da bututu mai milimita 22, na sa sabuwar roba a mahaɗar don kada ta yi yoyo.